Me ke kawo sanyin ruhaniya a ikilisiya? Tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan su ne suke ta dawowa duk sanda 'yan'uwa suka zauna suna tattauna halin da ikilisiyarsu ke ciki. Wasu daga bakin dattawa na ji su, wasu daga matasa, wasu kuma daga iyayenmu mata da su kaɗai suka rage a taron addu'a har sun fara gajiya. Na haɗa su wuri ɗaya na amsa daga Littafi Mai Tsarki da tarihin ikilisiya da abin da idona ya gani, in wata amsa ta taɓa wata zan nuna maka inda zaka duba.

Wai me ake nufi da sanyin ruhaniya a ikilisiya?

Shi ne a wayi gari ƙaunar Almasihu da yi masa biyayya sun ragu a zukatan jama'a alhali komai na waje yana nan yadda yake, ana buɗe ƙofa ranar Lahadi, a yi waƙa, a yi baiko, a yi sanarwa, a tashi. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne ikilisiyar Afisa a Wahayin Yahaya 2:1-7. Fara karanta yabon da Ubangiji ya yi musu tukuna: suna aiki tuƙuru, suna da jimiri, sun gwada manzannin ƙarya sun gano su, basu gaji ba. In a yau ne cewa zamu yi wannan ai ikilisiya ce abar koyi. Amma sai ya ce yana da magana a kansu, sun bar ƙaunarsu ta farko, kuma in basu tuba ba zai kawar da fitilarsu daga wurinta.

Abin da ke bani tsoro shi ne in na tuna ko wace ikilisiya ce wannan. Bulus da kansa ya yi shekara 3 a Afisa yana gargaɗi dare da rana har da hawaye, haka ya faɗa wa dattawansu a Ayyukan Manzanni 20:31, Timoti ma ya yi hidima a can, duk da haka wajen shekara 40 bayan nan ga abin da aka ce musu. Toh wace ikilisiya ce zata ce ita ta wuce nan? Kuma abin ba rana ɗaya yake faruwa ba. Gargaɗin Ibraniyawa 2:1 yana kama da kwale-kwalen da ba a ɗaure ba, ruwa na jansa sannu a hankali, na ciki bai sani ba sai ya ɗaga kai ya ga gaɓa ta yi nisa.

Ta yaya zamu gane cewa tamu ta fara sanyi?

Ma'aunin da na fi amincewa da shi yana Ayyukan Manzanni 2:42, abubuwa 4 da masu bi na farko suka nace a kai: koyarwar manzanni, zumunci, gutsuttsura gurasa, da addu'a. Ɗauki kowanne ka auna da gaskiya. Mutane suna marmarin Maganar Allah ko agogo suke dubawa? In wani ya yi wata guda bai zo sujada ba akwai wanda ya lura har ya taka ya je ya duba shi? Ana cin jibin Ubangiji da binciken zuciya ko layi kawai ake bi? Taron addu'a mutum nawa ne idan ka kwatanta da taron da ake raba wani abu?

Akwai kuma alamu ƙanana da ba a rubuta su a rahoton shekara. An daɗe ba a ji wani ya tashi ya ce na yi kuskure ku yafe min ba. Mitin ɗin dattawa awa 3 ne amma addu'ar ciki minti 2 ce ta buɗewa. Hirar bayan sujada ta koma ta wane ya sa kaza, wance ta ce kaza. Zunubin da a da yake sa mutane kuka yanzu dariya yake bayarwa. Kuma an daina damuwa da waɗanda basu san Almasihu ba, in an ce bishara sai a ce ai akwai kwamiti.

Amma cocinmu cike yake, kowane mako da firogiram, shi ma zai iya zama cikin sanyi?

Sosai ma kuwa, kuma irin wannan ya fi wuyar ganewa domin hayaniyar aiki tana rufe shi. Ikilisiyar Sardisu tana da suna cewa a raye take, amma Ubangiji ya ce mata matacciya ce, duba Wahayin Yahaya 3:1. Kaga kenan maƙwabta yabonta suke yi. A zamanin annabi Amos ma wuraren sujada cike suke da idi da hadayu da kiɗa, Allah ya ce ya ƙi su domin babu adalci da gaskiya a rayuwar masu yin su, wannan yana Amos 5:21-24.

Ko a zamaninmu an gani. A 2007 wata babbar ikilisiya kusa da Shikago a Amurka, Willow Creek, ta fitar da sakamakon binciken da ta yi a kan membobinta, ta ce yawan shiga shirye-shiryen coci bai nuna cewa mutum yana girma cikin ƙaunar Allah da ta mutane ba, abin da ya fi tasiri shi ne abin da mutum yake yi shi kaɗai, musamman bimbini cikin Maganar Allah da addu'a. Ni a ganina wannan ita ce zuciyar maganar gaba ɗaya. Sanyi yana farawa a ɗakin kwanan mai bi tun kafin ya bayyana a kujerun majami'a, firogiram kuma ya kan zama zanen da aka lulluɓe shi da shi. Kamar gara ce a cikin azara, ta waje lafiya lau, sai ranar da rufin ya faɗo.

Idan mutane suna raguwa fa, shi ne sanyin?

Ba dole ba. Mutane sukan ragu saboda ƙaura ko neman aiki ko tsanani, wani lokaci ma saboda an faɗi gaskiya, ai a Yahaya 6:66 almajirai da yawa sun bar Yesu da kansa bayan koyarwa mai wuya. Cikin ikilisiyoyi 7 na Wahayin Yahaya biyun da ba a tsawata wa ba su ne Samirna matalauciya da Filadelfiya mai ƙaramin ƙarfi. Abin tambaya shi ne me ya sa suka tafi, kuma waɗanda suka rage yaya rayuwarsu take.

A cikin dalilan duka wanne ne babba?

In an tilasta min in zaɓi ɗaya zan ce barin addu'a da Maganar Allah, a ɗaiɗaiku da kuma a taro. Sauran dalilan da ke ƙasa kusan duk a kan wannan suke tsirowa. Lura da abin da manzanni suka yi a Ayyukan Manzanni 6 lokacin da gunaguni ya tashi kan rabon taimakon gwauraye: matsalar gaskiya ce kuma basu raina ta ba, sun sa an zaɓi mutum 7 su riƙe aikin, amma suka ce su kam zasu nace da addu'a da hidimar Magana. Sun gane cewa abu mai kyau ma zai iya ture abu mafi muhimmanci.

Babu ikilisiyar da ta taɓa zama ta yanke shawara cewa daga yau mun daina addu'a. Abin da ke faruwa shi ne a ɗage taron addu'a saboda mitin ɗin gini, mako mai zuwa saboda gwajin waƙa, sai a ce a haɗe shi da wani taro, bayan shekara 2 babu wanda ya tuna ranar da ake yinsa. A gida ma haka, sujadar iyali ta safe ta koma ta Asabar kaɗai, daga nan ta koma sai in baƙo ya zo. Kuma ikilisiyar da ba ta addu'a ta riga ta faɗa da aikinta cewa zata iya da kanta, alhali Yesu ya ce a Yahaya 15:5 in ba tare da shi ba ba mu iya yin komai.

Wace rawa wa'azi yake takawa a ciki?

Babba. Jama'a ba sa wuce abin da ake ciyar da su da shi. Akwai wa'azin da babu ƙarya a cikinsa amma kuma babu nama, kullum madara, shekara 10 ana zagaye ayoyi 5 da batutuwa 2, shi ne kukan marubucin Ibraniyawa 5:12 cewa ya kamata a ce kun zama masu koyarwa amma har yanzu sai an sake koya muku harufan farko. Akwai kuma wa'azin da aka ɗinka daidai kunnen masu ji, wanda 2 Timoti 4:3 ya yi maganarsa, kullum nasara da buɗi da ɗaukaka, babu gicciye babu tuba babu tsarki. Akwai na uku da ba a cika ambata ba, wa'azin faɗa, kowace Lahadi bulala, doka bisa doka ba tare da alheri ba, wannan yana haifar da munafukai masu iya ɓoye zunubi da kuma gajiyayyu da suka fid da rai. Bulus ya ce wa dattawan Afisa bai ji nauyin sanar da su dukan nufin Allah ba, kalmar nan dukan ita ce ma'aunin mai wa'azi.

Ka tuna abin da ya faru a shekara ta 18 ta sarautar Yosiya, wajen 622 kafin haihuwar Almasihu. Ana gyaran Haikali sai babban firist Hilkiya ya tsinci littafin Shari'a, 2 Sarakuna 22 ta ba da labarin. Wato Maganar Allah ta ɓata a cikin ɗakin Allah kansa, firistoci suna nan, hidima tana tafiya. Da aka karanta wa sarki sai ya yage tufafinsa, daga nan gyara ya fara.

Toh kenan laifin fasto da dattawa ne?

Suna da kaso mai nauyi, Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba. Eli ya san abin da 'ya'yansa Hofni da Finehas suke yi a wurin sujada, ya yi musu magana da baki amma bai hana su ba, a kwanakin nan ne 1 Sama'ila 3:1 ta ce maganar Ubangiji ta yi wuya, ƙarshenta aka ƙwace akwatin alkawari aka haifi yaro aka sa masa suna Ikabod domin ɗaukaka ta rabu da Isra'ila. Ezekiyel 34 ya yi kuka da makiyayan da suke kiwon kansu su bar tumaki. A 3 Yahaya kuma ga Diyotarifis mai son zama na gaba, ba ya karɓar 'yan'uwa, wanda ya karɓe su ma sai ya kore shi daga ikilisiya. Shugaban da ba a isa a tambaye shi ba, ko wanda aka zaɓa saboda aljihunsa ko danginsa ba don halayen da 1 Timoti 3 ta lissafa ba, zai ja jama'a ƙasa ko da ya iya magana.

Amma ɗan'uwa kafin ka nuna yatsa, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Fastoci da yawa basu lalace ba, ƙonewa suka yi. Mutum ɗaya shi ne mai wa'azi, shi ne mai ziyarar asibiti, shi ne mai sulhun aure, shi ne mai bin leburori a wurin gini, wayarsa ba ta hutawa, toh yaushe zai zauna gaban Ubangiji? Tun a Fitowa 18 Yetro ya gaya wa Musa abin nan da kake yi ba shi da kyau, zaka gajiyar da kanka da jama'ar. Ikilisiyar da ta ɗora wa mutum ɗaya komai sannan ta koma gefe tana ba wa'azinsa maki, ita ma da hannunta a sanyin. Yaushe rabonka da yi wa fastonka addu'a da sunansa?

Zunubin mutum ɗaya zai iya shafar ikilisiya duka?

Ƙwarai. Bayan Yariko ta faɗi Isra'ila sun aika mutum wajen 3,000 zuwa ƙaramin garin Ai, aka kore su aka kashe musu wajen 36, dalili kuwa Akan ne ya binne riga da azurfa da zinariya a cikin alfarwarsa. Lura da yadda Allah ya faɗa a Joshuwa 7:11, cewa ya yi Isra'ila ta yi zunubi. A Koranti ma abin da ya fi ɓata wa Bulus rai a 1 Korantiyawa 5 shi ne kowa ya san abin da mutumin yake yi amma ikilisiya tana fahariya maimakon baƙin ciki, shi ya sa ya ce ɗan yisti kaɗan yana game curin duka.

A nan sai a yi hattara domin ana faɗawa rami biyu. Na farko a rufe ido saboda mai laifin babba ne ko mai bayarwa ne, yara kuma suna kallo suna koyon cewa tsarki na talakawa ne. Na biyu a mai da horo ya zama tozarci, a kira sunan yarinya a gaban jama'a a bar namijin yana zaune a kujerar gaba. Matiyu 18:15-17 ya shimfiɗa hanya mataki mataki, daga kai da shi kaɗai, zuwa mutum 2 ko 3, sai a ƙarshe ikilisiya, Galatiyawa 6:1 kuma ta ce a maido da shi cikin tawali'u. Manufar horo ita ce a samo ɗan'uwa, a 2 Korantiyawa 2 Bulus ya ce a yafe wa wanda ya tuba a ƙarfafa shi kada baƙin ciki ya haɗiye shi.

Gaba da ɓangaranci fa? Mu tamu matsalar kenan.

Ba ku kaɗai ba ne. A Koranti wasu sun ce su na Bulus ne, wasu na Afolos, wasu na Kefas, har suna kai juna kotu gaban marasa bi, kuma Bulus ya ce musu wannan shaida ce har yanzu jarirai ne ko da yake suna da baye-baye iri iri. A Filibi mata 2 da suka yi fama tare da shi cikin bishara, Afodiya da Sintiki, sai da ya roƙe su da suna a wasiƙar da za a karanta wa kowa. Gunagunin Ayyukan Manzanni 6 ma da na ambata a amsar babban dalili, tsakanin masu jin Helenanci ne da masu jin Ibrananci, wato bambancin harshe da asali ya shigo ikilisiya tun tana jaririya. Gaba tana kashe addu'a domin ba zaka iya ɗaga hannu da zuciya ɗaya kusa da wanda ka yi shekara ba ka gaisar ba, Ibraniyawa 12:15 ta kira shi saiwar ɗaci mai ƙazantar da mutane da yawa.

Akwai labari mai ƙarfafa zuciya. A ƙauyen Herrnhut na ƙasar Jamus, masu bi 'yan gudun hijira da suka zauna a filin wani basarake mai suna Zinzendorf tun 1722 sun rabu kan koyarwa har abin ya yi muni. A 1727 ya riƙa bi gida gida yana sulhu, suka sa hannu a yarjejeniyar zaman 'yan'uwantaka a watan Mayu, ranar 13 ga Agusta kuma a wurin jibin Ubangiji suka narke da kuka suka yafe wa juna. Bayan makonni 2 suka fara addu'ar karɓa-karɓa dare da rana wadda ta wuce shekara 100 ana yi, a 1732 suka fara aika masu bishara zuwa ƙasashen waje. Sulhu ne ya riga wutar zuwa.

Kuɗi da wadata suna kawo sanyi ne? Ba albarka ba ce?

Albarka ce, amma tana zuwa da gwaji, kuma tun a Maimaitawar Shari'a 8 Musa ya ce in kun ci kun ƙoshi kun gina gidaje masu kyau ku kula kada ku manta da Ubangiji. Lawudikiya gari ne na masu kuɗi, sananne da harkar banki da baƙin ulu da maganin ido. Da girgizar ƙasa ta rushe shi a shekara ta 60 mutanen garin da kuɗinsu suka sake gina shi ba tare da taimakon Roma ba. Halin garin ya shiga ikilisiya, tana cewa na wadata bana bukatar komai, Yesu kuma ya ce mata ke matalauciya ce, makauniya, tsirara, kaga ya taɓa daidai abubuwa ukun da suke taƙama da su. Ya ce ba zafi ba sanyi, su kuwa sun san zancen domin kusa da su Hirafolis na da maɓuɓɓugar ruwan zafi, Kolosi na da ruwan sanyi. Abin da ya fi ciwo shi ne aya ta 20 ta Wahayin Yahaya 3, yana tsaye a waje yana ƙwanƙwasa ƙofar ikilisiyarsa.

John Wesley, mai wa'azin Ingila da ya kafa ɗariƙar Methodist, ya ga wannan a cikin mutanensa kafin ya rasu a 1791. A 1786 ya rubuta cewa bangaskiya ta gaskiya tana sa mutum ƙwazo da tattali, ƙwazo da tattali su kawo dukiya, dukiya kuma ta ƙara girman kai da son duniya, sai siffar addini ta rage ruhun ya tafi. Maganin da ya koyar shi ne wanda ya samu ya kuma bayar iyakar iyawarsa. A aikace zaka ga cutar nan inda ake ba mai zoben zinariya kujera mai kyau a ce wa talaka ya tsaya can, kamar yadda Yakubu 2 ya faɗa, ko inda kasafin shekara kusan duk na gini da kayan sauti ne, na gwauraye da marayu da bishara kuma sai abin da ya rage.

Na ji ana cewa tsanani yana tsarkake ikilisiya, zaman lafiya ne ke lalata ta. Gaskiya ne?

Rabin gaskiya ne. Lokacin da sarkin Roma Desiyus ya ba da umarni a shekara ta 250 kowa ya yi hadaya ga alloli ya karɓi takardar shaida, masu bi da yawa sun faɗi, wasu tun kafin a kama su. Sifiriyan, bishof na Kartej a ƙasar Tunisiya ta yau, ya ce dogon zaman lafiyar da aka samu kafin nan ne ya sa aka saki jiki aka koma tara dukiya. Wato tsananin ya tona sanyin da ya riga ya kasance. Bayan 313 kuma da sarki Konstantin ya ba Kirista 'yanci, da 380 da Kiristanci ya zama addinin daular, mutane sun cika majami'u, wasu don Almasihu wasu don muƙami. Kada kowa ya yi addu'ar neman tsanani, 1 Timoti 2:2 ma cewa ta yi mu roƙi zaman lafiya. Abin da ake bukata shi ne a yi tsaro lokacin da babu mai korarmu, duba amsar da ke sama kan wadata.

Me ya sa yaranmu suke girma a coci amma su watse da sun zama manya?

Wannan tambaya ita ce ta fi sa iyaye hawaye. Littafin Mahukunta 2:10 ya ce bayan zamanin Joshuwa wata tsara ta taso wadda bata san Ubangiji ba ko aikin da ya yi wa Isra'ila. Tsara ɗaya tak. Bangaskiya ba a gadonta kamar gona, kowane yaro sai ya sadu da Almasihu da kansa, kuma wurin da Allah ya fara ɗora nauyin koyarwa shi ne gida, Maimaitawar Shari'a 6:7 ta ce a zaune, a tafe, a kwance, da tashi. Awa 1 ta makarantar Lahadi ba zata iya ɗaukar abin da kwana 6 na gida suka ajiye ba.

Yara kuma suna da ido. Suna ganin baba yana jagorar waƙa da safe da yamma yana zagin mama. Suna yin tambaya mai wuya a ce musu rufe baki rashin bangaskiya ne, sai su kai tambayar intanet inda wani zai amsa musu da fara'a. Wasu kuma an riƙe su da wasanni da kiɗa kawai ba a taɓa almajirtar da su ba, ba a kuma ba su wani aiki na gaske a ikilisiya ba sai jera kujeru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma da hannu ake yi, kusa da kusa, dattijo ɗaya ya riƙe saurayi ɗaya kamar yadda Bulus ya riƙe Timoti.

Waya da soshiyal midiya suna cikin dalilan?

Suna ciki, amma a matsayin ƙaya. A misalin mai shuka, Markus 4:18-19, ƙayar bata tumɓuke shukar ba, shaƙe ta ta yi har ta kasa ba da amfani, kuma Yesu ya ce ƙayar ita ce damuwar duniya da ruɗin dukiya da sha'awar waɗansu abubuwa. Mintin farko na safiya da a da na addu'a ne yanzu na WhatsApp ne. Tun lokacin korona a 2020 kuma wasu suka saba da kallon sujada a waya basu dawo ba. Ga marar lafiya ko na nesa wannan alheri ne, amma waya ba zata lura ka rame ba, ba zata tsawata maka ba, kai ma ba zaka ɗauki nauyin kowa ta cikinta ba, shi ya sa Ibraniyawa 10:25 ta haɗa taruwa da ƙarfafa juna.

Ba aikin Shaiɗan ba ne duk wannan?

Yana aiki, Bitrus ya ce yana zagayawa kamar zaki mai ruri. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, shi ya sa Afisawa 4:26-27 ta haɗa kwana da fushi da ba Iblis dama. A wasiƙu 7 na Wahayin Yahaya, ikilisiyoyi 5 da aka tsawata wa kalma ɗaya aka ce musu, ku tuba. Na taɓa zama a taron da aka kwana ana ɗaure aljanu alhali dattawa 2 da ke kan dakali ba sa magana da juna, washegari komai yana nan yadda yake, kuma har yau in na tuna abin yana min ciwo.

In muka shirya taron farkawa muka gayyato babban mai wa'azi zai gyaru?

Zai iya taimakawa, Allah yana amfani da irin waɗannan taro. Amma in an tashi an koma kan abin da aka bari, zafin mako 2 ne. Abin da Yesu ya ba Afisa a Wahayin Yahaya 2:5 abu 3 ne: tuna inda ka faɗo, tuba, koma ga ayyukan farko. Farkawar da ta daɗe a tarihi da haka take farawa. A Piyongyang ta ƙasar Koriya a watan Janairu 1907 shugabannin ikilisiya ne suka fara tashi suna furta ƙiyayya da zunubansu a fili, bayan taron mutane suka bi gida gida suna neman gafara suna maido da abin da suka ci na wasu. Farkawar Gabashin Afirka da ta taso a Gahini ta Ruwanda a shekarun 1930 ta bazu Yuganda da Kenya da Tanganyika, abin da suka riƙe shi ne tafiya cikin haske ta 1 Yahaya 1:7, wato kada ka ɓoye wa ɗan'uwanka halin da kake ciki.

Sannan dole a tanadi murhun da zai riƙe wutar. Tun 1742 Wesley ya raba mutanensa ƙungiya ƙungiya ta wajen mutum 12, suna haɗuwa kowane mako ana tambayar kowa yadda ransa yake. Kafin ku buga fosta ku fara tambayar kanku wa zai bi waɗanda suka fito gaba, a gidan wa za a riƙa haɗuwa, kuma waɗanne sulhu ne ya kamata a yi tun kafin baƙon ya iso, duba amsar gaba da ɓangaranci.

Ni memba ne kawai, ba fasto ba ba dattijo ba. In zauna ne ko in nemi wata ikilisiya?

In ana musun ainihin bishara daga kan bagade, ko ana cutar da mutane ana rufewa kuma ka bi hanyar Matiyu 18 an ƙi ji, toh tafiya ba laifi ba ce, ka tafi da salama ba tare da jan ƙungiya a bayanka ba. Amma in sanyi ne kawai, kada ka yi gaggawa. Ko a Sardisu Ubangiji ya ce akwai 'yan kaɗan da basu ƙazantar da tufafinsu ba, umarnin da ya bayar kuwa shi ne a farka a ƙarfafa abin da ya rage. Iliya ma ya ɗauka shi kaɗai ya saura, Allah ya ce masa akwai 7,000, kuma kafin ya yi masa wata magana sai da ya bar shi ya yi barci ya ci abinci, domin wani lokaci abin da kake ji gajiya ce ta kanka.

Fara da ɗakinka, ka maido da lokacin addu'a da karatu ko minti 15 ne, ka tsayar da sa'arsa. In akwai wanda ba kwa magana ka je wurinsa a makon nan kafin jibin Ubangiji na gaba. Nemi mutum 1 ko 2 masu irin wannan nauyi ku riƙa haɗuwa kuna addu'a, da sharaɗin ba za a yi gulmar kowa da sunan roƙon addu'a ba, ku kuma sanar da fasto domin kada ya ji a bakin wani ya ɗauka tawaye ne. In zaka yi wa shugabanni magana ka same su a keɓe da ladabi, ka faɗi abu ɗaya takamaimai da ka gani, ka kuma faɗi aikin da kai zaka ɗauka, ko ziyarar waɗanda suka daina zuwa ne, ko ajin yara, ko buɗe ƙofar majami'a ranar taron addu'a.